Wa ke gadin baƙin mai? Yadda ake shirya motar gida ta shiga filin tsere a zafin Yamai

Wata Asabar cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, na tarar da ƙanen wani abokina zaune bakin gareji a Yamai ya zabga tagumi. Motarsa, wata Golf da bai fi wata huɗu da sayenta ba, tana kan rami an kwance mata kaskon mai. Tsohon makaniken da ke riƙe da garejin ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe mai kamar rabin zobe, abin da suke kira kusine. Maimakon ya zama fari sumul, ya koma shuɗi-baƙi, duk ya kakkarce kamar an dirje shi da yashi. Yaron sai rantse-rantse yake: "Baba, wallahi allurar zafi ba ta gota tsakiya ba, idona na kanta." Tsohon bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, wannan allura ruwa take gadi. Wa ka sa gadin mai?"

Wannan tambaya ita ce kan maganar duka. Motar da aka ƙera don zuwa aiki da cefane tana iya shiga filin gudu ta fito lafiya lau, amma sai in mai ita ya san zafin baƙin mansa, kuma ya yarda ya ɗaga ƙafa lokacin da man ya ce ya isa.

A ƙasashen da ke da filayen tsere akwai ranakun da ake buɗe su ga kowa. Ba gasa ba ce, ba kofi. Ka biya kuɗin shiga, ka sa hular kwano, ka zagaya da motarka iya ƙarfinka inda babu babur, babu amalanke, babu yaro mai tsallaka titi. Mafi shahara shi ne Nürburgring na Jamus, wanda aka buɗe a 1927, zagayensa na arewa ya haura kilomita 20. A Afirka akwai Kyalami kusa da Johannesburg, inda aka yi tseren Formula 1 na ƙarshe a 1993, sai Dakar Baobabs a Sindia ta Senegal, mai tsawon kilomita 4.7, wanda a cikinsu shi ne ya fi kusa da mu. Mu a Yamai filin sukuwar da muke da shi na dawaki ne, duk da cewa gudun mota ba baƙonmu ba ne: tseren Paris-Dakar na farko a 1979 ta Agadas da Yamai ya bi. Saboda haka wannan jagora ta wanda zai je can ce, da wanda ya sami rufaffen fili da izinin hukuma, da kuma wanda zai matsa wa injinsa a hanyar Yamai zuwa Tawa cikin bazara, ko cikin rairayi, don injin bai san bambanci ba. Abin da ba ta shafa ba shi ne wasan ganganci da samari ke yi a titunan gari ranar kai amarya. Wannan ba tuƙi ba ne, neman haƙƙin mutane ne.

Ka fara sanin lambobin

Baƙin mai aiki biyu yake yi. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su taɓa juna, yana kuma kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, wato ƙarƙashin fistin da kusine da cikin turbo, na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska. Ratar da ke tsakanin kusine da sandar da yake riƙe ba ta kai kaurin gashin kai ba. A cikin wannan ƴar rata mai yake zama, kuma a kansa injin ke yawo sau dubbai a minti guda. Mai ya yi zafi ya tsinke, ya tsinke ya sirance, ya sirance ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Daga nan sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan injin, a ce maka ya buga.

A tafiyar yau da kullum yawancin injina suna riƙe mai tsakanin digiri 90 zuwa 110. Nan ne gidansa. Ƙasa da 80 bai gama sakewa ba, bai kamata a taka shi da ƙarfi ba, kuma raɓar ruwa da ɗigon esansin da ke sauka cikinsa ba sa ƙonewa su fita sai ya yi zafi sosai. Daga 110 zuwa 120 man roba mai kyau, wanda ake rubuta wa "synthèse" a jikin galan, bai damu ba. Daga 120 zuwa 130 ka fara sa ido. Ya haura 130 ka sassauta. Ya doshi 140 ka fita daga fili. Man roba na iya jure 150 na ɗan lokaci, to amma ka tuna abin da kake karantawa zafin kasko ne, wanda ke cikin kusine da zobban fistin ya fi haka nesa. Man gargajiya, wanda ba na roba ba, tun daga wajen 120 yake fara lalacewa da sauri. Masana mai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10, saurin tsufan mai yana ninkawa. Minti ashirin a 140 ba daidai yake da minti ashirin a 100 ba ko kusa.

Ga inda zafin ƙasarmu ya shigo. Lagireto ba ya ƙirƙirar sanyi, bambancin zafin ruwa da na iska yake cin moriya. A Turai, ruwa na 95 iska na 20, ratar 75 ce. A Yamai ko Tawa cikin Afrilu da Mayu, inda rana ke haura 40 kusan kullum, in iska ta kai 43 ratar ta koma 52. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sanyayawa ya tafi tun ba ka tayar da mota ba. Shi ya sa shawarar da za ka karanta daga bakin Bature mai irin motarka, cewa shi yana yin minti talatin bai ga komai ba, ba taka ba ce.

Allurar da yaron nan ya dogara da ita kuwa, laifinta biyu. Ruwa take aunawa, kuma a yawancin motocin zamani da gangan aka sa ta ta tsaya cak a tsakiya muddin zafin yana cikin wani faffaɗan zango, don kada direba ya riƙa firgita. Ruwa na iya zama daidai mai yana tafasa a ƙasa. Fitilar mai mai kamar buta ma ba ta zafi ba ce, ta matsi ce, kuma a motoci da yawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin bar, wato awon matsi, take kamawa. In ta kama kana cikin gudu, ba gargaɗi take maka ba, gaisuwar ta'aziyya ce.

Mataki na farko: sami abin awo

Kada ka sayi taya, kada ka sayi komai, sai ka sami hanyar ganin zafin mai. Fara da lalube cikin allon gaban direba. Motocin Jamus da yawa, su Volkswagen da Audi da BMW, suna nuna shi in ka bi ta maɓallan sitiyari, masu su da yawa ba su taɓa buɗe wurin ba.

In babu, duba ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai baki 16 da ake kira OBD. Motocin Amurka suna da ita tun 1996, na Turai masu esansi tun 2001, masu gazuwal daga 2004, to kusan duk motar da aka shigo da ita ta Lome ko Kwatano a shekarun nan tana da ita. Akwai ƴar na'ura mai araha, ELM327, da ake cusawa a kafar ta haɗu da wayarka, sai manhaja irin su Torque ko Car Scanner ta nuna maka abin da kwamfutar motar ke gani. Za ka sami zafin ruwa na gaskiya a lamba, da zafin iskar da injin ke shaƙa. Zafin mai kuwa sai in motar tana da ma'auninsa. Wasu ba su da shi, wasu kuma lissafa shi kwamfutar ke yi, ba aunawa ba.

Hanya ta uku ita ce ka sa a ɗaura maka ma'auni na daban. Akwai wani faifan ƙarfe da ake sawa tsakanin injin da matatar mai, yana da ramuka da ake ɗaura ma'aunin zafi da na matsi. In za ka iya, sa duka biyun, don matsi ne ke gaya maka ko man yana riƙe da aikinsa. Tsohon ƙiyasin makanikai shi ne kimanin bar 0.7 ga kowane juyi 1000 na injin, wato a juyi 4000 ka ga abin da ya kusa bar 3. Akwai masu sa ma'aunin a notin zubar da mai da ke ƙasan kasko. Yana aiki, sai dai a hanyoyinmu wayar da ke reto a ƙasan mota ba ta daɗewa.

In duk wannan ya gagara, ko bindigar awon zafi da ake haskawa daga nesa ta fi babu. Ka tsaya, ka haska jikin kasko ko matata nan take, ka ƙara ƴan digiri a kan abin da ta nuna.

Da ka sami abin awo, yi mako guda kana kallonsa a tafiyarka ta kullum. Za ka ga abin da zai ba ka mamaki: ruwa ya kai 90 cikin ƴan mintuna, mai yana can baya wajen 50 ko 60, sai ya ɗauki ninkin wannan lokaci kafin ya kamo. Ka rubuta zafinsa cikin cunkoson gadar Kennedy da rana, ka rubuta nasa a hanyar Dosso kana kan 100 da kilim a kunne. Waɗannan su ne lambobin motarka tana lafiya, da su za ka gwada komai daga baya.

Mataki na biyu: man da za ka zuba

Lambobin jikin galan ba ado ba ne. A 5W-40, ta farko tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100. Mu da sanyinmu na Disamba da Janairu bai cika sauka ƙasa da digiri goma sha wani abu ba, ta biyun ce ta fi shafarmu. Akwai kuma wani awo da ake yi a digiri 150 ana murza man da ƙarfi, ana kiransa HTHS, shi ne ya fi kama da abin da ke faruwa a cikin kusine. Man lamba 20 ana buƙatar ya kai 2.6, na 30 ya kai 2.9, na 5W-40 ya kai 3.5. In ka ga ACEA A3/B4 a bayan galan, ma'anarsa bai gaza 3.5 ba, kuma shi ne alamar da nake nema ga motar esansin da za a wahalar.

Buɗe littafin motarka. Galibi yana ba da zaɓi fiye da ɗaya, ka ɗauki mafi kauri daga cikin waɗanda ya yarda da su. In 5W-30 ya ce, hawa mataki ɗaya zuwa 5W-40 na roba abu ne da masu zuwa fili ke yi. Tsallakawa zuwa 20W-50 don kawai "ƙasarmu da zafi", kamar yadda ake yi wa kowace mota a garejin unguwa, wannan ban yarda da shi ba ga injin zamani. Tsohuwar Marsandi 190 ko Fijo 504 za su sha shi su gode. Amma injin da ke da na'urar sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai, irin VVT-i na Toyota, hanyoyin mansa sirara ne. Mai mai kauri fiye da kima yana jinkirin kaiwa sama da safe, kuma gogayyarsa ita kanta tana ƙara zafi.

Babbar matsalarmu ma ba lamba ba ce, jabu ne. Na taɓa sayen galan a wani shago, fentinsa da hatiminsa ba ka raba su da na gaske, bai yi kilomita dubu ba ya tsinke kamar ruwan shayi, matsin mai a tsaye ya faɗi. Ma'aunin da na ɗaura ne ya cece ni. Sayi mai a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ka duba bakin murfin ba a taɓa buɗe shi ba, ka tsaya a zuba a gabanka, ka tafi da galan ɗinka. Man durom da ake aunawa da gwangwani a bar wa injin niƙa. Araha ba ta ado.

Yi juye, abin da nan ake ce wa bidanj, tare da sabuwar matata, mako guda kafin ranar, don in akwai ɗigo ya nuna kansa. Cika shi daidai layin sama na ƙarfen awo, a wuri mai shimfiɗa, kada ka wuce. Dalilin cikawa: a doguwar kwana mai yana tattaruwa gefe guda na kasko kamar ruwa a cikin ƙwarya in ka karkata ta, in ya yi ƙasa famfo sai ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku, wannan kaɗai ya isa. Dalilin rashin wucewa: in ya yi yawa sandar injin tana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Ka tafi da lita ɗaya ko biyu na irinsa a bayan mota.

Mataki na uku: ɓangaren ruwa da iska

A motoci da yawa ruwan lagireto ne ke sanyaya mai ta wata ƴar akwati kusa da matata, to in ruwa ya gaza mai ma ya gaza.

Nan zan yi faɗa da wata al'ada. Da zarar mota ta iso daga Turai, abu na farko da ake mata shi ne cire tamosta, wato ƴar ƙofar da ke tsare ruwa daga shiga lagireto sai injin ya ɗumama, a haɗa fanka kai tsaye, wai an mayar da ita ƴar ƙasa. Tamosta ba ta hana sanyi. In injin ya yi zafi buɗewa take yi gaba ɗaya. Cire ta yana sa injin ya daɗe bai ɗumama ba, mai ya daɗe da raɓa a ciki, kwamfuta ta ci gaba da ƙara esansi tana zaton har yanzu safiya ce. A wasu injinan ma ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya ratsa lagireto ba, in babu ita rabin ruwan yana kewaye lagireton. In an cire taka, mayar da sabuwa.

Sai ruwan kansa. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin dutse a cikin tiyo kamar na gindin butar shayi, yana kuma sa tsatsa. A wanke, a zuba ruwan lagireto na gaske. Murfin ma ka canza shi in ya tsufa: matsin da yake riƙewa, wajen bar ɗaya, shi ke hana ruwa tafasa sai ya haura 120. Murfin da robarsa ta mutu zai bar shi ya tafasa tun da wuri.

Abin da kowa ke mantawa shi ne tsakanin lagireto da na kilim da ke gabansa. Ƙurar hunturu, da ciyawa, da fari, da leda, duk nan suke maƙalewa ba a gani. Sa a raba su a hure da iska daga baya zuwa gaba, ko a wanke da ruwa mara ƙarfi don kada haƙoran su lanƙwashe. Robobin da ke kewaye da lagireto da wanda ke ƙarƙashin injin, waɗanda yaran gareji kan jefar wai ba su da amfani, su ne ke tilasta iska ta ratsa ta ciki maimakon ta zille ta gefe. Canza matatar iska. Ka sha esansi a gidan mai, kada ka kusanci na kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa a wannan mako, don man da aka gauraya yana sa injin ƙara da zafi idan an matsa masa.

Birki da taya, a gurguje amma ba wasa

Gaskiya ita ce a yawancin motocin gida birki ne ke riga mai gajiya. Man birki yana shan raɓa daga iska. DOT 4 sabo sai 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 155. In ya tafasa ka taka feda ta tafi ƙasa salin-alin. In naka ya wuce shekara, zubar da shi gaba ɗaya a sa sabon DOT 4 ko DOT 5.1. Kada a ruɗe ka da DOT 5, wani abu ne daban, ba a haɗa shi da su. Takalman birki su kasance da fiye da rabin namansu.

A jikin taya akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayoyin gwanjo da yawa zanensu na nan amma robar ta bushe ta tsattsage, irin waɗannan ba sa shiga fili. Fara da iskar da aka rubuta a bakin ƙofar direba, ka sake aunawa da ka fito, don za ta hau da kusan rabin bar, sai ka rage kaɗan. Ɗaure notocin taya da ma'auni, kwashe duk tarkacen cikin mota har da tabarmar ƙafa. Ka kuma sani inshorar hanya galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere.

Ranar kanta

In kai ke da zaɓin lokaci, zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka fara da sanyin safiya. Cikin bazara daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa la'asar a nemi inuwa a sha shayi.

Kashe kilim, don zafin da yake fitarwa a fuskar lagireto yake zubawa. Zagaye biyun farko ka tafi a hankali, kada ka wuce rabin juyin injin, sai mai ya kai 80 sannan ka buɗe wuta. Kada ka ɗumama mota a tsaye na dogon lokaci, tafiya a hankali ta fi saurin ɗumama mai.

Sabon shiga ya tsaya a minti goma zuwa goma sha biyar a kowace fita. Zaɓi wuri ɗaya a doguwar miƙa inda za ka riƙa leƙa ma'auni kowane zagaye, kada ka kalle shi cikin kwana. Abin da kake nema ba lambar kaɗai ba ce, tafiyarta ce. Man da ya hau 118 ya zauna a nan, lafiya. Man da ke 112, zagaye na gaba 119, na gaba 126, ba zai tsaya ba, kada ka jira ya kai 135 kafin ka yi wani abu.

Abin da za ka yi kuwa mai sauƙi ne, sai dai zuciya ba ta so. Juyin injin ne babban mai dafa mai, fiye da gudun kansa. Canza giya da wuri, juyi 1000 ƙasa da jan layin agogon juyin injin, kwanar da ka saba shiga da giya ta biyu ka shige ta da ta uku. Sau da yawa wannan kaɗai yana sauke digiri da dama, gudunka kuwa kusan bai ragu ba. Kada ka manne a bayan wata mota kana shaƙar iskarta mai zafi. In bai sauka ba, yi zagaye guda a babbar giya da rabin gudu, iska na ratsa lagireto injin ba ya wahala. In allurar ruwa ma ta fara hawa, kunna hita har ƙarshe ka sauke gilasai. Za ka jiƙe sharkaf, amma hita ƙaramin lagireto ne na biyu. Mai otomatik ya tuna akwatin giyarsa ma tana dafa nata man, in ta fara jinkiri ko ta ƙi canzawa, ta gaji.

Fitilar mai ta yi ko da ƙyaftawa ɗaya a cikin kwana, ɗaga ƙafa, fita, duba mai. Ta kama ta zauna, kashe injin a inda ka sami wurin tsayawa, a jawo motar.

Kowace fita ta ƙare da zagayen hucewa, ba ka taka birki sai dole. Da ka tsaya kada ka ja birkin hannu, don takalmin yana iya manne wa faifai mai zafi ya bar masa tabo, sa dutse a taya. Bar injin yana aiki minti biyu ko uku, musamman mai turbo, in ba haka ba man da ya tsaya a cikin turbon yana ƙonewa ya zama gawayi. Buɗe bonet. Kada ka taɓa murfin lagireto, kada ka watsa wa injin ko faifan birki ruwan sanyi, abin da na sha gani ana yi a tashar Dogon Dutsi da Ƙonni da ruwan leda. Bayan minti goma ja ƙarfen awo. Injin da ba ya shan mai a gari yana iya shan rabin lita a yini guda a fili, ba abin tsoro ba ne in kana cikawa.

In kullum sai ya hau

Ka yi duk wannan amma mai na haura 130 cikin zagaye huɗu ko biyar, to lokacin ƙara masa nasa ƙaramin lagireton ya yi. A ɗaura shi inda iska ke bugunsa, ba a ɓoye bayan lamba ba, da tiyo na mai na gaske, ba na ruwa da aka ɗaure da waya ba. Ka nemi mai tamosta a jikin faifansa, wadda ke buɗewa wajen 80 zuwa 90, don kada mai ya ƙi ɗumama da sanyin Janairu. Zai ƙara yawan man da injin ke ɗauka, a sake aunawa bayan an tayar. Kowane mahaɗi sabon wurin ɗigo ne, tiyon da ya fashe kuwa cikin daƙiƙu yake zubar da man duka, a kan tayarka da ta na bayanka. Shi ya sa ban ba da shawarar a fara da shi ba. Sai ma'auni ya nuna ana buƙata.

Bayan an dawo gida

Washegari da safe, kafin ka tayar, leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. Ja ƙarfen awo ka goga a farar takarda ka kai hanci. Baƙi ba laifi ba ne. Warin ƙauri na nufin ya dahu, warin esansi na nufin ya tsinke, kalar shayi da madara na nufin ruwa ya shiga, galibi juwan kulas, hatimin da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ne ya tafi. In man ya daɗe sama da 130, yi juye ko da bai kai lokacinsa ba. In bai haura 120 ba, yana iya ci gaba, amma ka rage rabin kilomitocin da ka saba yi kafin juye na gaba.

Ranar juyen, tari man a faranti mai tsabta ka fita da shi rana ka karkata. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin zinariya, kusine ne ke narkewa, kada motar ta sake fita sai an buɗe kasko. Tsohon makaniken nan yana yanka tsohuwar matata ya warware takardar cikinta a kan benci, ya bi ta da yatsa layi-layi. Haka ya yi wa Golf ɗin yaron bayan an gama haɗa injin aka yi mata juyen farko. Takardar ta fito tas. Kafin ya ba shi makulli sai da ya sa aka huda masa gefen allo aka ɗaura agogo biyu, na zafi da na matsi, kuɗin kuma ya shiga cikin lissafin gyara.